Yadda ake kula da wanda ruwa ya kumbura masa jiki gaba ɗaya

Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin kwantar da manya, kuma akwai irin mara lafiyar da nake gane shi tun daga bakin ƙofa. Ana riƙe da shi ta hammata biyu, fuska ta cika har ido ya ƙanƙance, ƙafa ta ƙi shiga takalmi, ciki ya yi tulu. Idan na tambayi 'yan'uwa yaushe abin ya fara, amsar ba ta cika wuce "ai ya kai wata uku" ba. Abin da ake yi a cikin wata ukun nan, da wanda ake yi bayan an sallamo mutum gida, su ne suka sa na zauna rubuta wannan.

Likitoci na kiran wannan kumburi anasaka. Shi kansa alama ce ta wani ciwo da ke ƙasa, yawanci a zuciya, ƙoda, hanta, ko kuma rashin abinci mai gina jiki. Duk wanda ya tsaya yaƙi da ruwan kawai bai nemi inda yake ɓulɓulowa ba, aikin baban giwa yake yi.

Mataki na farko, ka tabbatar ruwa ne. Ka danna babban yatsanka a kan ƙashin ƙwauri ko a bayan ƙafa, ka ƙirga uku zuwa biyar a hankali, ka ɗaga. Idan ramin yatsan ya tsaya kamar ka danna tuwo mai ɗumi, ruwa ne. Ka gwada ƙafa biyun duka. Wanda ya daɗe a kwance kuwa, ka juya shi ka danna ƙasan bayansa, don can ruwan yake taruwa, kuma nan ne kowa yake mantawa. Tundurmi daban ne: yakan fi kama ƙafa ɗaya, fata ta yi kauri ta yi tauri, idan ya daɗe yatsa ba ya barin rami. Ka sani kuma, kafin yatsa ya fara barin rami a jikin babba, jikin ya riga ya ajiye ruwa kusan lita 2 zuwa 3. Wanda ya kumbura tun daga fuska har ƙafa yana iya ɗauke da lita 10 ko fiye.

Mataki na biyu, ka duba ko abin na gaggawa ne. Idan numfashi yana sarƙewa, ko ba ya iya kwanciya sai an jingina shi da matasai, ko yana farkawa cikin dare yana haki, ruwan ya kai huhu, a tafi asibiti a daren, ba sai gari ya waye ba. Haka idan fitsari ya ragu sosai ko ya ɗauke, ko ya fara sambatu da yawan barci, ko yana aman jini, ko ƙafa ɗaya ta fi ɗaya kumbura tana zafi. Mai ciki da ta wuce mako 20, fuska da hannaye suka kumbura, ga ciwon kai ga gani dishi-dishi, a auna hawan jininta nan take. Idan ya kai 140 bisa 90, jijjiga ake gudu, kuma ba ta sallama kafin ta zo.

Mataki na uku, kada ka je kemis ka ce a ba ka maganin fitsari. Wannan ba na sassautawa a kansa. Kowa ya san Lasix, yana da araha, mutum ya sha ya kwana yana zirga-zirga banɗaki, da safe ƙafa ta ɗan saɓe, gida ya ce an samu sauƙi. Amma maganin yana fita da gishirin jiki tare da ruwan, musamman fotasiyam wanda bugun zuciya ya dogara da shi. Sannan dalilin kumburin ne yake faɗin irin maganin da ya dace.

Idan zuciya ce ta yi rauni, jini yana cunkushewa a jijiyoyi ne, ruwa ya tsattsafo waje. Idan ƙoda ce, ko dai ta kasa tace ruwa da gishiri, ko kuma matatarta ta yage tana zubar da furotin, wato sinadarin gina jiki, a fitsari. Akwai wani furotin a jini, sunansa albumin, hanta ce ke yin sa, shi ke riƙe ruwa a cikin jijiya. Mai lafiya yana da giram 3.5 zuwa 5 a kowane kashi ɗaya cikin goma na litar jini. Da ya faɗi, ruwa sai ya gudu cikin nama. A irin wannan hali jiki ya cika da ruwa amma jijiya ba ta da isasshe, to ka ga idan aka ɗirka maganin fitsari ba awo, ƙodar da ake son ceto ita za a ƙarasa. Mai ciwon hanta da ya sha shi barkatai yana iya rikicewa ya fita hayyacinsa. Yaron da tamowa ta kumbura kuwa, wanda za ka ga gashinsa ya yi ja ya yi laushi, fata tana saɓulewa, ba a ba shi maganin fitsari sam. Madara ce ta musamman mai suna F-75 ake fara ba shi a asibiti kaɗan-kaɗan, kumburin ya sauka da kansa.

A wannan matakin ne kuma nake roƙo a bar tsaga da sakiya da ƙaho a ƙafar da ta kumbura. Na ga ƙafar da wanzami ya tsattsaga, ruwa yana ɗiga kwana da kwanaki, daga baya ta zama gyambon da ya fi kumburin wahalar magani. Jiƙe-jiƙe da sassaƙen da ba a san ƙarfinsu ba, da magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da Brufen, duk a ajiye su. Waɗannan biyun na ƙarshe suna riƙe ruwa a jiki kuma suna taɓa ƙoda.

Mataki na huɗu, asibiti. Ka tattara duk abin da mara lafiya yake sha a leda ɗaya, har na gargajiya, kada ka ji kunya, ba faɗa za a yi maka ba. Ka faɗi inda kumburin ya fara. Wanda ya fara daga fatar ido da safe, ga fitsari mai kumfa kamar an zuba sabulu, ƙoda ake fara zargi. Wanda ya fara daga ƙafa da yamma tare da haki, zuciya. Wanda ciki ya riga ko'ina cika, ga ido ya yi rawaya, hanta. Idan kuɗi ya yi ƙaranci, ni a ganina gwajin fitsari da awon jini na aikin ƙoda su ne kan gaba, na fitsarin ma ɗan tsinke ne ake tsomawa, ba shi da tsada sosai. Hoton ƙirji, hoton zuciya da na ciki, da gwajin cutar hanta, likita zai ce wanne ya fi gaggawa. Idan aka ce a kwanta a yi allura, kada a ce a ba da ƙwaya a tafi gida. Hanji ma yana kumbura, ƙwayar ba ta shiga jini yadda ya kamata, shi ya sa ake bi ta jijiya. Kuma kada a matsa wa likita a kan a sauke ruwan da sauri. Ga mai ciwon hanta, rabin kilo zuwa kilo ɗaya a rana ake nema, ba a wuce haka.

Mataki na biyar shi ne gishiri, kuma a nan ni kaina na taɓa faɗuwa. Baffana ne aka sallamo bayan an sauke masa ruwa, ciwon zuciya ne. Na ja matarsa gefe na ce, "Gwaggo, gishiri ya fita daga abincin Baffa." Ta ce, "To ɗan nan, in Allah ya yarda." Ta kuwa cika alkawari, ko ƙwaya ɗaya ba ta sa ba. Kwana goma sai ga shi an dawo da shi, silifas ma ya ƙi shiga. Da na shiga madafa na tarar da abin da ya faru: da miya ta yi lami, sai ta riƙa jefa ɗunƙule huɗu a inda da take sa biyu, ga kanwa a miyar kuka, ga yajin da yake barbaɗawa a kan komai don ya samu ya ci. Laifina ne. Na ce gishiri, ita kuma gishirin ta cire.

Abin da ke jan ruwa a cikin gishiri sunansa sodiyam, kuma ɗunƙulen miya cike yake da shi. Kanwa ma, ko ja ko fara, mafi yawanta sodiyam ce. Manda gishiri ce. Garin da ke cikin ledar taliyar yara, kilishi, yajin tsire, busasshen kifin da aka shanya da gishiri, kifin gwangwani, duk hanya ɗaya suke bi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko mai lafiya kada ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, an haɗa da wanda ke ɓoye a cikin abinci. Yanzu idan zan sallami mara lafiya, mai girkin nake nema, in lissafa mata su ɗaya bayan ɗaya. Dokata ita ce a raba tukunya: a ɗebi nasa kafin a sa wa ta gida ɗanɗano. A ƙara masa albasa, tafarnuwa, citta, attarugu, lemon tsami da daddawar da ba a sa wa gishiri ba. Sati biyun farko zai yi ta ƙorafi, daga baya harshe yana sabawa. Gishirin kanti da ake cewa na masu hawan jini ne, kada a saya sai an tambayi likita, fotasiyam ne a ciki, yana da haɗari ga mai ciwon ƙoda.

Maganar kanwa ta fi shafar masu jego. Tun a shekarun 1970 wasu likitoci biyu, Davidson da Parry, suka yi bincike a Zariya a kan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka danganta yawansa da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a kan gado mai wuta. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan, har da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki. Duk da haka, mai jegon da ƙafarta ta kumbura tana haki, a tsayar da kunun kanwa a ranar, a kai ta a duba zuciya, ko da kakar jariri za ta ɓata rai.

Mataki na shida, sikeli. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka sikeli yana ganin ruwa kafin ido ya gan shi. A sayi na banɗaki, ko na hannu ne. A hau kullum da safe bayan fitsari, kafin karyawa, da kaya iri ɗaya, a rubuta a littafi. Ƙarin kilo 2 a cikin kwana 3, a koma asibiti ko da ranar da aka ba ku ba ta yi ba. Idan likita ya ƙayyade ruwan sha, misali lita ɗaya da rabi, ledar ruwa uku ke nan, kuma koko da shayi da fura duk suna cikin lissafin. Idan bai ƙayyade ba, kada ku hana shi ruwa da kanku.

Sauran a taƙaice. A ɗaga ƙafa a kan matashi idan yana zaune, a ɗaga kai idan yana haki. A riƙa juya na kwance duk bayan awa biyu, a tsane matsematsi da tsakanin yatsu, a shafa mai a fata. Duk inda ya yi ja ya yi zafi, a nuna wa likita. Maganin fitsari da safe ake sha don a samu barci. Kada a daina magani don kumburi ya saɓe, musamman yara masu zubar furotin da ake ba firednisolon, shi a hankali ake rage shi. Wanda yake son yin azumi ya tambayi likitansa tun a watan Sha'aban, ya tafi da littafin awonsa a hannu.