Darasi na 9: Jinyar Wanda Aka Sauya wa Gwiwa

A gidaje da dama a nan Zariya akwai dattijo ko dattijuwa da ciwon gwiwa ya hana sakat. Guringuntsin da ke lulluɓe da bakin ƙashi ne ya cinye, har ƙashi yana gogar ƙashi. Idan ƙwayoyi da allura suka kasa, likitan ƙashi yakan ce a yi aiki. A wajen aikin ana aske bakin ƙashin cinya da na ƙwauri, a rufe su da ƙarfe, a sa roba mai ƙarfi a tsakani domin su riƙa zamewa. Wasu ana yi musu a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wasu sukan tafi Indiya ko Masar. Ko'ina aka yi, bayan 'yan kwanaki gida za a dawo, jinya ta koma hannunku.

Ku riƙe wannan tun daga farko: raunin so yake a bar shi a bushe, a ƙyale shi, gwiwar kuma motsi take so. Mu kuwa mun saba mu kwantar da mara lafiya, mu yi ta shafa masa magani. Ƙauna ce ke sa mu yin haka, amma a wannan jinyar cutarwa ce.

Kula da raunin

Yankan yana gaban gwiwa, daga sama zuwa ƙasa. An rufe shi da zare ko da ƙananan ƙarafa masu kama fata, kuma akan cire su a asibiti tsakanin kwana 10 zuwa 14. Kada kowa ya cire su a gida.

Bandejin da aka sa a asibiti kada a buɗe shi don a leƙa, ko don a nuna wa masu dubiya. Idan an ce ku riƙa sauya shi, ku wanke hannu da sabulu da ruwa mai tsabta kafin ku taɓa, ku kuma wanke bayan kun gama. Sabon bandeji daga cikin ledarsa za a sa, ba tsumma ba, ba audugar da ta kwana a buɗe ba. Idan ya jiƙe, ko da ruwan wanka ko da zufa a lokacin bazara, a sauya shi. Da hunturu kuma ƙura ce abin gudu. Wanka a yi shi a zaune a kan kujera, an naɗe gwiwar da leda, ko a goge jiki da tawul, har sai likita ya ce ruwa zai iya taɓa wurin.

Yanzu ga inda aka fi samun matsala. Masu dubiya za su zo, kowa da nasa magani. Wannan ta kawo man kaɗanya, wancan man zafi, wani garin saiwa, wata ta ce a gasa da ruwan zafi, wani ya ce a kira mai ɗori ya murza. Ba ko ɗaya da zai hau kan wannan rauni. Dalili kuwa shi ne, jini ba ya ratsa ƙarfe. Idan ƙwayar cuta ta shiga ta bakin raunin ta manne a jikin ƙarfen, maganin da aka sha ba ya isa gare ta yadda ya kamata. Sau da yawa sai an sake buɗe gwiwar an wanke, wani lokaci ma sai an cire ƙarfen gaba ɗaya an sake aiki. Kuɗin da dangi suka haɗa da wahalar da aka sha sun tafi a banza. Na san da nauyi yaro ya mayar wa babba da magani. To, a karɓa da hannu biyu, a ce: "Allah ya saka da alheri, Gwaggo. Likita ya ce kada a sa komai a wurin sai ya warke." Ba a ɓata wa kowa ba, an kuma tsare Baba.

Kumburi da ɗan ɗumi a gwiwar ba abin tsoro ba ne, sukan ɗauki watanni. Ƙanƙara ce maganinsu. A sa ta a leda don kada ta jiƙa bandeji, a naɗe da tawul, a ɗora minti 15 zuwa 20, sau uku ko huɗu a yini. Kada ta taɓa fata kai tsaye. In babu wuta, a saya wajen masu ƙanƙara a ajiye a kula. Idan zai kwanta, a ɗaga ƙafar ta fi ƙirji tsawo. Matashi a ƙarƙashin diddige ake sa shi. Sa shi a ƙarƙashin gwiwa yana da daɗi, amma gwiwar za ta saba da lanƙwasa, ta ƙi miƙewa daga baya.

Motsi

Tun a asibiti, ranar aikin ko washegari, ake tayar da mutum ya taka da ƙarfen dogarawa. Ba rashin tausayi ba ne. Gwiwar da aka bari a kwance takan sandare, jini kuma yakan daskare a jijiyoyin ƙafa. A gida ya riƙa tashi yana ɗan zagaya tsakar gida sau da yawa a yini, kaɗan-kaɗan. Yana kwance ya riƙa kaɗa idon sawu sama da ƙasa. Ya danna bayan gwiwa a kan katifa, ya ƙirga biyar, ya saki. Ya ja diddige zuwa wajen ɗuwawu, ya mayar. Akwai ciwo, shi ya sa ake shan maganin rage zafi kamar rabin awa kafin a fara. Ranar ganin likitan fisiyo, wato mai koyar da motsa gaɓoɓi, kada ta wuce, domin makonni shidan farko su ne lokacin da gwiwa ke karɓar lanƙwasa da miƙewa.

Gidajenmu na zaman ƙasa ne, don haka sai an yi gyara. Ba zama a tabarma, ba tsuguno, ba durƙuso. A nemo kujera mai tsawo mai hannu. Katifar ƙasa a ɗora ta a kan gado. In masai na tsuguno ne, kafinta zai iya yin kujera mai rami a ɗora a kai. A kawar da darduma, da wayar wuta, da buta daga hanya, a kuma ajiye tocila kusa da gado. Salla ya yi ta a zaune a kan kujera, addini ya ba mara lafiya wannan sauƙi. Wajen alwala wani ya zuba masa ruwa a ƙafa a hankali don kada ya fallatsa wa bandeji. Zuwa asibiti a mota za a je, ya zauna a gaba an tura kujera baya. Acaɓa a haƙura da shi.

Magunguna a sha su yadda aka rubuta, musamman na hana daskarewar jini, ko ƙwaya ne ko allura. Kada a ƙara da wani daga kemis ba da sanin likita ba. Mai ciwon suga ya tsare sugansa, mai shan sigari ya ajiye ta, domin su biyun suna jinkirta warkewa. A ba shi wake, ƙwai, kifi, nono da zogale, da ruwa mai yawa, saboda maganin rage zafi mai ƙarfi yana taurare bayan gida.

Lokacin da ba a jira

Ku koma wajen likita a ranar idan zazzaɓi ya kai 38 a ma'aunin zafin jiki, ko ja yana yaɗuwa daga bakin raunin, ko mugunya ko ruwa yana fita, ko ɗinkin ya buɗe, ko ciwon yana ƙaruwa maimakon raguwa. Haka nan idan sha-raɓa ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo in an taɓa. Wannan alamar gudan jini ce, kuma kada a murza ta. Idan kuwa numfashi ya yi wuya farat ɗaya, ko ƙirji ya kama ciwo, gudan jinin yana iya kasancewa ya kai huhu. Ko tsakar dare ne a ɗauke shi zuwa sashen gaggawa mafi kusa, kamar na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Kada a tsaya shan maganin maleriya a ga abin da hali zai yi.

Aikin aji

Kowa ya rubuta waɗannan alamomi da manyan baƙaƙe a takarda ɗaya, yadda za a iya manna ta a bangon ɗakin mara lafiya. A ƙasanta a bar wurin lambar wayar asibiti da ta mai motar da za a iya tasa da dare. Sannan ku zauna bibbiyu, ɗaya ya zama mai dubiya da ya kawo man shafawa, ɗaya mai jinya, ku gwada yadda za a amsa masa cikin ladabi.