Yadda nake koyar da tafiyar Ibn Batuta da zare da wuri

Shekaru ina rubuta sunayen garuruwa a allo, yara na haddacewa suna mantawa. Ga abin da ya yi mini aiki.

Ka nemi babbar taswirar duniya ka manna a kwali, da jan zare, da ƙananan ƙusoshi, da guntun gishiri, da wuri, irin kuɗin nan na zamanin da, ko ƙwaya biyar ne. Masu kayan koli na da shi.

Kafa ƙusar farko a Tanja ta Maroko. Daga nan Ibn Batuta, shahararren matafiyin nan, ya fito a 1325, yana da shekara 21, niyyarsa aikin Hajji. Yaro ɗaya ya ja zaren zuwa Alƙahira, Dimashƙa, Madina, Makka. Kada ka ja da kanka, hannunsu ne zai riƙe darasin. Wani ya karɓa ya kai Delhi, inda Sarki Muhammad bin Tugluk ya naɗa shi alƙali.

A tsibiran Maldib ka dakata sosai. Nan ma alƙalanci ya yi. Tambaye su: yaya baƙo daga Maroko zai yanke hukunci a tsakiyar tekun Indiya? Bar su su yi ta gardama har wani ya ambaci Larabci da fiƙihu. Wannan amsar nake jira kullum. Sai ka ba su wurin su taɓa, ka faɗa musu a tekun nan ake tsintarsa, da shi kuma mutanen tsibirin ke ciniki a wancan zamanin.

Sin ka wuce ta da sauri, lokaci ba ya isa.

Zango na ƙarshe ya fi jan hankalinsu. Bayan ya koma gida, a 1352 ya bar Sijilmasa ta Maroko da ayari, ya sauka Tagaza, garin da aka gina gidajensa da gishiri. Miƙa gishirin ya zagaya aji. Daga nan Walata, sai fadar Mansa Sulaiman a Mali, inda ya yaba yadda masallaci ke cika ranar Juma'a. Sai Tumbuktu, sai Gawo, inda ya sake tarar da wuri a kasuwa. Ɗora ƙwaya ɗaya a Maldib, ɗaya a Gawo, su auna tazarar da kamun hannu.

Ƙusar da za ta bi wannan ta Takadda ce, yamma da Agadas, 1353. Ya ce daga nan ake kai tagulla Gobir da Barno. Wannan ƙusar nakan ba Bagobiri ko Babarbaren ajin ya kafa, kafin a mayar da zaren Fas ta Maroko.