Yadda Thunderbird Zai Riƙa Buɗe Kansa Da Zarar Ka Shiga Linux

An sha tambaya kan yadda za a sa Thunderbird, manhajar karanta imel, ya riƙa buɗe kansa, to ga yadda ake yi da systemd, wato tsarin da ke kunna manhajoji a Linux.

1. Buɗe Terminal (tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni), ka rubuta: mkdir -p ~/.config/systemd/user
2. A cikin wannan folda, ƙirƙiri fayil mai suna thunderbird.service
3. Zuba wannan a ciki:

[Unit]
After=graphical-session.target
[Service]
ExecStart=/usr/bin/thunderbird
[Install]
WantedBy=graphical-session.target

Hattara: kada ka sa default.target a layin ƙarshe. Manhajar za ta tashi tun allo bai shirya ba, ta mutu nan take.

4. Rubuta: systemctl --user daemon-reload
5. Sannan: systemctl --user enable thunderbird.service

Kada ka sa sudo (kalmar da ke ba umarni ikon mai kula da kwamfuta) a gaban waɗannan umarni. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe.

6. Fita daga asusunka, ka sake shiga.

In ka ji shiru, Thunderbird bai buɗe ba, duba dalili da journalctl --user -u thunderbird