Babi Na 4: Na'urar Gwajin Suga Da Ɗigon Da Ke Rikita Mu

Darasi na 1

To jama'a, kowa ya fito da na'urarsa ya ajiye a gabansa, wanda ba shi da ita ya matso kusa da na gefensa ya leƙa, babu abin kunya. Amma allurar tsira yatsa ba a aronta, kowa da tasa.

Da farko ka wanke hannu da sabulu ka goge ya bushe ƙarau, don in ka taɓa dabino ko rake, zaƙin da ke yatsanka na'urar za ta karanta. Sai ka soka ɗan siririn tsinken gwajin a bakin na'urar, za ta kunna kanta. Ka tsira gefen yatsa, ba tsakiya ba, gefe ya fi sauƙin zafi. Ka ɗora bakin tsinken kan ɗigon jinin, ka ɗan jira, lamba za ta fito.

Nan ne muke faɗuwa kullum, don haka a nutsu. Na'urorin iri biyu ne. Wata tana ba da manyan lambobi marasa ɗigo kamar 110, kusa da lambar za ka ga an rubuta mg/dL da ƙananan haruffa. Wata kuma ƙananan lambobi masu ɗigo a tsakiya kamar 6.1, ita mmol/L ne a jikinta. Ɗigon nan ba datti ba ne a kan gilashi, kar ka sa yatsa kana gogewa, cikin lambar yake.

Da safe kafin ka karya, yawancin masu suga ana so su ga tsakanin 80 da 130, mai na'urar ɗigo kuma 4.4 zuwa 7.2. Awa biyu bayan abinci kar ya kai 180, wato 10 a mai ɗigo. In likitanka ya yanka maka wata iyaka daban, tasa za ka bi.

Yanzu ku kalli allo: 5.6 da 56. Na farko biyar ɗigo shida, lafiya lau, kusan 100 ke nan a ɗayar na'urar. Na biyu hamsin da shida, suga ya faɗi, hatsari ne. Ku maimaita, biyar ɗigo shida. Kuma. Madalla Hajiya, kin ga ai kin iya! Akwai wani dattijo a ajinmu na bara da ya ga 5.6 ya rubuta 56 a littafinsa, ɗansa ya duba hankalinsa ya tashi ya dama masa suga a kofi ya tsare shi sai da ya shanye, bawan Allah lafiyarsa ƙalau aka tayar masa da suga, duk saboda ɗigo ɗaya.

In da gaske ne ya sauka ƙasa da 70, ko 3.9 a mai ɗigo, jiki na rawa, gumi, jiri, yunwa kamar ka ci babu, ka zuba ƙaramin cokali uku na suga a ruwa ka sha, ka jira minti 15 ka sake gwadawa. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, asibiti za a kai shi maza.

Ku karanta da ƙarfi: 4.8, 48, 6.2, 62. Wanne ke da ɗigo? Wanne ne na shan suga? Ku kwafe su, ku danna biro sosai wajen ɗigon. Wallahi jama'a sati uku ina faɗin abu ɗaya, jiya na karɓi littattafai rabinku babu ɗigo, wasu ko kwanan wata babu, to likita duba zai yi ya gane? Haba Baba. Kwanan wata, lokaci, lamba da ɗigonta.

Darasi na 2

Abinci. Ba a ce ka bar tuwo ba, malmala ɗaya maimakon uku, miyar ganye ta fi yawa, zogale, rama, wake, kifi in da hali. Lemon kwalba a bar shi, zuma ma zaƙi ce kar a ruɗe ku. Metformin, ƙwayar maganin suga ta asibiti, tare da abinci ake sha don kar ya dami ciki. Kuma don Allah kar ka ajiye maganin asibiti saboda mai lasifika a kasuwa ya ce nasa na warkarwa a kwana bakwai.

Darasi na 3

Ƙafa. Duba ta duk dare har tsakanin yatsu, goge ta bayan alwala, zazzage takalmi kafin ka sa. Ciwo ko ƙarami ne a nuna a asibiti.

Darasi na 4

Tafiyar ƙafa, minti 30 a rana.

Aikin gida: gwaji uku na safe, a zo da littafi ranar Asabar. Ɗigon zan fara dubawa.