Yadda za ka tantance labarin zuba ƙarfe cikin teku kafin ka yaɗa shi

Jama'a, in aka turo muku labari a WhatsApp wai wani kamfani zai zuba garin ƙarfe a teku don rage zafin duniya, kar ku yi saurin fowadin. Mu nan Sakkwato teku ta yi mana nisa, amma iskar damina da ke cika Rima da dam ɗin Goronyo daga tekun Atlantika take tasowa, to abin ya shafe mu.

Dabarar ita ce ƙarfen ya zama taki ga ƙananan tsirran ruwa irin gansakuka, su yawaita su zuƙe iskar kabon mai ƙara zafin duniya, in sun mutu su nutse ƙasa da ita.

Abu na farko, tambayi wa ya ba su izini. Akwai Yarjejeniyar Landan ta 1972 da sabuwar ta 1996 kan zubar da kaya a teku, hukumar IMO ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai lura da sufurin jiragen ruwa ke kula da su. A 2013 aka yi wa ta 1996 ɗin gyara cewa ba a yarda a yi wannan taki ba sai don binciken kimiyya na gaskiya, kuma da takardar izinin gwamnati, sai dai gyaran bai fara aiki ba don ƙasashe kaɗan ne suka amince, ka ga ke nan akwai kafar da mayaudara ke bi.

Sannan duba, bincike ne ko neman kuɗi? A 2012 ɗan kasuwar Amurka Russ George da wani kamfani sun zuba kusan tan 100 na sinadarin ƙarfe kusa da tsibiran Haida Gwaii na Kanada, suna sa ran sayar da kabon kiredit, wato takardar shaidar rage iskar kabon da kamfanoni ke saya, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Ni dai da na ji maganar kiredit sai in ƙara sa ido.

Kuma nemi sakamako. A gwajin zuba ƙarfe mai suna LOHAFEX da Indiya da Jamus suka yi a 2009, tsirran sun fito kam, amma ƙananan halittun ruwa suka cinye su, kabon kaɗan ne ya nutse.

In ruwan Najeriya aka ambata, hukumar gwamnati ta NIMASA ce ke kula da gurɓatar teku daga jiragen ruwa, a shafinta za ka fara dubawa.