Yadda za ka kula da lafiyarka tun jiki bai fara ƙorafi ba

Idan aka tambayi mutum ya jiki, ya ce lafiya lau, abin da yake nufi kawai shi ne babu inda ke yi masa ciwo. Wannan kuwa bai isa shaida ba. Hawan jini yakan yi shekara da shekaru yana lalata jijiyoyi da ƙoda mai shi yana ta harkokinsa, haka ciwon sukari, haka ƙwayar cutar hanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa manya sama da biliyan 1 ne ke da hawan jini a duniya, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Ni ba likita ba ne, aikina na zama ne a gaban kwamfuta. Amma mahaifina da yayarsa duk sun yi fama da hawan jini, saboda haka na daɗe da sanin cewa ba ni da hujjar zaman jira. Ga tsarin da nake bi.

Ka fara da sayen ƙaramin littafin rubutu. Wayar hannu ma za ta yi, sai dai ni na fi son takarda, don waya takan lalace ko a canza ta, littafi kuwa sai ka miƙa wa likita ya buɗe da kansa. A shafin farko ka rubuta tarihin gidanku: wa ya yi hawan jini, wa ya yi ciwon sukari, wa ɓarin jikinsa ya shanye, wa ya yi sankara, kuma yana ɗan shekara nawa abin ya same shi. Za ka sha mamakin yadda manya ke amsawa idan ka tambaye su cikin ladabi. Shekarun suna da muhimmanci, domin ciwon zuciyar da ya kama mahaifi yana ɗan 50 ya fi zama gargaɗi ga 'ya'yansa a kan wanda ya zo masa yana ɗan 85. Sauran shafukan kuma na alƙaluma ne, kowanne da kwanan watansa.

Alƙalumman farko su ne na awon jini, kuma a nan zan ɗan tsaya, don mutane da yawa suna awon amma ba yadda ya kamata ba. Kafin a gwada ka, kada ka sha kofi ko sigari, kada ka yi aikin ƙarfi, na tsawon minti 30. Ka yi fitsari idan kana ji. Ka zauna a kujera minti 5 shiru, bayanka a jingine, tafin ƙafafunka a ƙasa, ba ka ɗora ɗaya kan ɗaya ba. Hannun da za a ɗaura wa na'urar ya kasance a kan tebur daidai da ƙirjinka, kuma a ɗaura ta a kan fata, ba a kan hannun riga ba. Sannan ka yi shiru. Wannan shi ne ya fi wuya, domin lokacin ne mai awon yake tambayar ka ya iyali. Idan damtsenka mai kauri ne ka nemi maɗauri babba, don ƙarami yakan nuna jini ya hau fiye da yadda yake. A gwada sau biyu, a bar tazarar minti ɗaya ko biyu, ka rubuta duka.

Awo ɗaya ba ya yanke hukunci. Ana cewa mutum yana da hawan jini ne idan lambar sama ta awon ta kai 140 ko ta ƙasa ta kai 90, ko fiye, a ranaku biyu mabambanta. Wasu jininsu yakan hau da zarar sun ga farar rigar likita, shi ya sa na'urar gida take da amfani. Ka ɗauki wadda ake ɗaurawa a damtse, ta fi ta wuyan hannu aminci. Idan awonka yana daidai, sau ɗaya a shekara ya wadatar ga mafi yawan manya. Ni da nake da gado nakan yi fiye da haka.

Na biyu shi ne sukarin jini. Ana gwada shi da safe bayan mutum ya yi aƙalla awa 8 bai ci komai ba. Idan ya kai 126, ko 7.0 a ɗaya ma'aunin da wasu ɗakunan gwaji ke amfani da shi, kuma aka maimaita ya sake nuna haka, to ciwon sukari ne. Wanda nasa ya kusa kaiwa amma bai kai ba shi ne ya fi kowa sa'a, in dai zai yi aiki da labarin. Wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka fitar da sakamakonsa a 2002, ya bi irin waɗannan mutane. Waɗanda aka sa su rage kimanin kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su riƙa motsa jiki minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100, ragin da ya fi na waɗanda aka bai wa magani. Ga mai nauyin kilo 90, maganar kilo 6 da ɗoriya ake yi.

Na uku ba ya buƙatar asibiti. Ka samu igiya ka auna tsawonka da ita, ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita wajen cibiya. Idan ba ta haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, ko da sikeli bai nuna ka yi ƙiba ba.

Da alƙaluma a hannu sai a waiwayi abinci. Ba na goyon bayan tsarin da zai ce ka daina cin duk abin da ka saba a rana ɗaya, domin ban taɓa ganin wanda ya ɗore a kai ba. Gishiri za ka fara kamawa. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara ga babba shi ne ƙasa da giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma wannan ya haɗa da wanda ke ɓoye a burodi, abincin gwangwani, naman da aka sarrafa da sinadaran ɗanɗano. Abin da muka yi a gidana shi ne muka ɗauke gishiri daga wurin cin abinci, muka riƙa rage na tukunya kaɗan-kaɗan ba tare da sanarwa ba. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, har ka ci abincin waje ka ji ya yi maka gishiri. Sai sukari: iyakar da aka ba babba ita ce kimanin giram 50 a yini, rabin haka ya fi, alhali gwangwanin lemon zaƙi ɗaya mai mililita 330 yana iya ɗauke da giram 35. Ka ga wanda ya mayar da ruwa abin shansa ya gama rabin aikin. Ganye da 'ya'yan itace kuwa a nemi giram 400 a yini. Wanda ke kusa da kai a lokacinsa ya isa, ba sai na nesa mai tsada ba.

Motsa jiki shi ne inda masu aikin zama irina suka fi rauni. A 1953 wani likita mai suna Jeremy Morris ya fitar da binciken da ya yi a kan ma'aikatan bas masu hawa biyu a Landan. Direbobi suna zaune yini guda, kwandastoci kuwa suna hawa da sauka a matakala suna karɓar kuɗi, sai aka ga ciwon zuciya ya fi kama direbobin. Abin da nake so a labarin nan shi ne kwandastocin ba wani wasan motsa jiki suke zuwa ba, aikinsu ne kawai ya hana su zama. Minti 150 a mako ake nema aƙalla, wato minti 30 a kwana biyar, da saurin da za ka iya magana amma numfashinka ya ɗan ɗaga. Za ka iya raba shi gida uku a yini. Ni na ɗaura nawa a kan abin da dole in yi: idan waya ta shigo sai in miƙe in amsa ina tafiya, kuma ina sauka daga mota da ɗan nisa kafin wurin aiki. A ƙara da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako, ko da tsuguno da miƙewa ne a ɗaki.

Barci awa 7 ko fiye. Wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 bayan an fito banɗaki da kafin a taɓa abinci. Goge haƙori sau biyu a yini da man da ke da sinadarin fuloraid. Waɗannan kowa ya san su, yin su ne ya rage. Taba kuwa, ko sigari ko shisha, babu adadinta mai aminci. Tana kashe kusan rabin masu shan ta da ba su daina ba, hayaƙinta kuma yana cutar da na kusa da su.

Akwai abin da manya ke mantawa da shi, wato allurar rigakafi, don an ɗauka ta yara ce. Ka je a gwada ka ko kana da cutar hanta nau'in B. Takan zauna shiru shekaru kafin ta lalata hanta ko ta jawo sankara. Idan ba ka da ita, rigakafinta allura uku ce cikin wata 6. Idan kana da ita, gara ka sani a riƙa bibiyar hantar, a kuma gwada mutanen gidanka. Ke kuma 'yar'uwa, daga shekara 30 ki nemi gwajin sankarar bakin mahaifa, 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kuma akwai allurar da ke kare su daga ƙwayar cutar da ke haddasa ta.

Wani abu da nake ganin ana kuskuren fahimta: ɗaukar nauyin lafiyarka ba ya nufin ka zama likitan kanka. Magungunan kashe ciwo irin su ibuprofen da diclofenac, idan aka mayar da su abin sha kullum, suna ƙona ciki, suna taɓa ƙoda, suna ɗaga jini. Maganin kashe ƙwayoyin bakteriya ba ya warkar da mura. Haka nan ba ya nufin duk wanda ya kwanta laifinsa ne. Akwai gado, akwai gurɓatacciyar iska da ruwa, akwai rashin hali, akwai abin da Allah ya ƙaddara. Naka dai shi ne ɓangaren da ke hannunka, kuma ba ƙarami ba ne.

Kada ka ɗauki duk waɗannan a mako ɗaya. Ka zaɓi ɗaya, wanda alƙalummanka suka nuna ya fi gaggawa, ka riƙe shi har ya daina yi maka nauyi kafin ka ƙara wani. Ka gaya wa mai dafa abincin gidan da wanda kuke yini tare, don su ne za su taimaka ko su ɓata.

Idan kuma awo ya nuna akwai matsala aka ɗora ka a kan magani, ka sha yadda aka ce. Awon jini da ya dawo daidai alama ce cewa maganin yana aiki, ba izinin dainawa ba ne. Idan yana damun ka, ka koma wurin likita a canza maka wani. A bangon littafin daga ciki ka rubuta sunayen magungunanka, da wanda jikinka ba ya karɓa, da lambar wanda za a kira. Ƙarƙashinsu ka rubuta alamomin da ba a jiran gobe a kansu, ka karanta wa mutanen gida: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ta mutu farat ɗaya, magana ta sarƙe, ƙirji ya danne har ciwon yana tafiya hannu ko muƙamuƙi, numfashi ya yi wuya, ko awon jini ya kai 180 bisa 120 tare da ciwon kai mai tsanani ko gani dishi-dishi. Duk wanda aka ga ɗaya daga cikinsu a tare da shi, a lura da ƙarfe nawa abin ya fara, a kai shi asibiti nan take.