Yadda za ka raba Word da jan layin da yake ja a ƙarƙashin sunayenmu

Duk wanda ya taɓa buga furojet ko takardar taro a kwamfuta ya san abin nan, ka rubuta Abdullahi ko Ɗanbatta ko Maradi sai ka ga jan layi mai lanƙwasa a ƙarƙashinsa kamar malami ya yi maka makin, kafin ka kai shafi na uku takardar ta koma ja gaba ɗaya, kuskuren gaskiya kuma ya ɓuya a cikin na ƙarya ba ka ma ganinsa. Ni dai na daɗe ina buga wa ɗalibai aiki, toh bari in faɗa muku yadda nake yi.

Da farko ka tambayi kanka, rubutun nan na Turanci ne da sunayen Hausa jefi-jefi, ko kuwa Hausa ce zalla? Maganinsu ba ɗaya ba ne, kuma a nan yawancin mutane suke shan wahalar banza.

In Turanci ne, ka ɗora linzami kan kalmar ka danna ɓangaren dama, za ka ga Add to Dictionary, ka danna shi, shi kenan. Word zai ajiye ta a wani ɗan fayil na ƙamus ɗinsa mai suna CUSTOM.DIC, ko RoamingCustom.dic in ka shiga da akawun ɗinka. Amma ka kula da babban baƙi da ƙarami. In ka saka Zazzau da babban Z, ranar da ka rubuta zazzau zai ja maka layi, wanda hakan ma daidai ne tunda suna ne. In kuwa da ƙananan baƙaƙe ka saka kalma kamar kunu, to zai karɓe ta ko a farkon jimla ta zo da babban baƙi. Don haka sunan mutum da na gari da babba, sauran da ƙarami.

Wani lokaci za ka danna ka ga Add to Dictionary ɗin ya dushe, ba ya dannuwa, mutane su ce ai Word ɗin ne ya lalace a sake sakawa. A'a wallahi. Ka shiga File, Options, Proofing, sai Custom Dictionaries, ka tabbatar akwai alama a gefen CUSTOM.DIC, sannan ka duba ƙasa inda aka rubuta Dictionary language ka mayar da shi All Languages. Sau da yawa abin da ya faru shi ne an ɗaure ƙamus ɗin da Turancin Amurka alhali takardar tana kan na Ingila, sai su ƙi jituwa.

A wannan wurin dai akwai Edit Word List, kuma ka riƙe shi da kyau don wata rana za ka neme shi. Ni kaina na taɓa saka Muhamamd cikin sauri da tsakar dare, ido ya yi nauyi, aka yi wata da watanni kwamfutar tana ganin kuskuren tana shiru tunda ni na ce mata daidai ne, sai da wani mai furojet ya dawo min da shafin godiyarsa da sunan mahaifinsa a birkice. Na sha kunya ranar. A Edit Word List ɗin za ka nemo kalmar ka goge ta.

Yanzu Hausa zalla. Don Allah kar ka zauna kana saka kalmomi ɗaya bayan ɗaya, ba za ka gama ba. Ƙamus ɗin nan jeri ne kawai, bai san nahawu ba, in ka saka makaranta bai san makarantar ba, bai san makarantu ba balle makarantarmu, haka in ka saka Abdullahi gobe ka rubuta Abdullahin Gwandu layin ya dawo. Hausa kuwa kusan kowane suna sai ya ɗauki n ko r a wutsiya, ga jam'i kala-kala. Abin yi shi ne ka danna Ctrl da A ka zaɓi rubutun duka, ka je Review, Language, Set Proofing Language, ka sa alama a Do not check spelling or grammar, ka kuma cire alamar Detect language automatically, in ba haka ba zai ci gaba da canki-canki, yau ya ce Faransanci kake rubutawa gobe ya ce wani yaren. In takardar gauraye ce, misali ɗalibin Hausa da yake kawo baitocin waƙa a cikin bayanin Turanci, sai ka zaɓi baitocin kaɗai ka yi musu haka.

Sai batun baƙaƙe masu ƙugiya, wanda shi ya fi cin rai. A wurin kwamfuta ƙasa da kasa kalmomi biyu ne daban, kuma tana da gaskiya. In ba ka da kibod ɗin Hausa, a Word ka rubuta U+0199 ka danna Alt da X tare zai koma ƙ, U+0257 na ɗ ne, U+0253 na ɓ. Kar ka bar U+ ɗin in a tsakiyar kalma kake, saboda su a da b da d suna cikin baƙaƙen lambar, sai Word ya haɗe su da ita ya fito maka da wani abu daban. Haka nan 'yar alamar nan ta cikin kalmomi irin su 'yan da ma'ana, Word yana lanƙwasa ta da kansa, a farkon kalma ma juya ta yake yi baibai, toh da ya juya ka danna Ctrl da Z nan take za ta miƙe. 'Yan Nijar sun huta da rabin wannan tunda su ƴ suke rubutawa maimakon 'y. In kuma ka buɗe CUSTOM.DIC da Notepad don ka zuba sunaye da yawa lokaci guda, kowanne a layinsa, wajen ajiyewa ka bar tsarin baƙaƙensa, wato Encoding, a UTF-16 yadda ka same shi, in ka canza zuwa ANSI ƙugiyoyin nan duk alamar tambaya za su koma.

Waya kuma nata salon daban, ita ba layi kawai take ja ba canza maka take yi, ka rubuta "sai" ta mayar da shi "said", ka tura kafin ka lura. In Gboard, wato kibod ɗin Google, kake amfani da shi ka shiga Languages ka ƙara Hausa, daga nan in ka danne k ko d ko b na ɗan lokaci mai ƙugiyar zai fito, sunayen da kake yawan rubutawa kuma ka zuba su a Personal dictionary da ke ƙarƙashin Dictionary. Ni Auto-correction ɗin ma kashe shi na yi na huta.

Abin da ka koya wa Word bai shafi Google Docs ba, shi nasa yana Tools, Spelling and grammar, Personal dictionary, LibreOffice ma nasa daban a standard.dic, kowa da jakarsa. Kuma kafin ka kai laftop a yi mata fomatin, ka rubuta %AppData%\Microsoft\UProof a saman kowace folda ka danna Enter, ka kwafi CUSTOM.DIC a filash, in an gama ka mayar da shi wurin.